Yadda Ake Karɓar Mai Son Shiga Musulunci a Legas, da Yadda Ake Riƙe Shi Bayan Kabbara Ta Lafa

A Legas ba sai ka ɗauki lasifika ba kafin mai tambaya ya same ka. Maigadin da ke shimfiɗa kwali ya yi la'asar a bakin get a Lekki, ɗan gwarin Mile 12 da ke barin kwandunan tumatur ya bi sahu, mai shayin Obalende, duk akwai idon da ke kallonsu ba su sani ba. Wata rana sai abokin ciniki ko ɗan maigida ya tsaya ya ce, cikin turancin buroka, yana so ya san abin da ake faɗa idan an sa goshi a ƙasa. Yawancinmu a nan muke rikicewa. Wani ya ce "bari zan kai ka wurin Malam" ya manta. Wani ya ja shi masallaci ran Juma'a, a yi kabbara, a ɗauki hoto, a watse. Wannan bayani na wanda irin wannan baƙo ya faɗo hannunsa ne, namiji ko mace, ko da karatunsa bai wuce Ahalari ba.

Ka san hanyar da ya biyo kafin ka buɗe baki

Mutumin Legas da ya zo yana tambayar Musulunci da wuya a ce daga gida ya taso kai tsaye. Sau da yawa an haife shi a Katolika ko Angilika, ya girma ya koma cocin zamani masu kwanan addu'a, daga nan wata damuwa ta kai shi cocin masu fararen riguna, wataƙila har kakarsa ta raka shi wurin babalawo, wato bokan Yarbawa, aka buga masa duban Ifa. Wani ya yi shekaru ba ya zuwa ko'ina, sai karance-karance a waya. Kowane zango akwai abin da ya je nema, akwai kuma abin da ya kore shi. Waɗannan biyun kake so ka ji.

Saboda haka zaman farko na saurare ne. Ka samu wuri mai ɗan shiru, ba bakin titi ba, ka ba shi kamar awa guda. Tambaya uku sun isa: ina da ina ka je, me ka samu a can, me ya sa ka taso? Wanda ya ce kansa ya kulle a kan yadda Allah zai zama uku kuma ɗaya, maganar tauhidi yake jira. Wanda ya ce ya gaji da biyan kuɗi kafin a yi masa addu'a, abin da zai sanyaya masa rai shi ne ya ji cewa a nan bawa yana ɗaga hannu ya roƙi Ubangijinsa ba ɗan tsakani. Wanda tsoron mayu da asiri ya hana barci, Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu zai fara riƙewa. Idan ka ba kowa jawabi iri ɗaya, ka yi wa mai ciwon haƙori maganin ciki.

Kada ka zagi inda ya fito. Suratul An'am aya ta 108 ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa, Suratul Ankabut aya ta 46 kuma ta ce kada a yi jayayya da ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau. Ban da hukunci ma, akwai hankali: uwarsa tana can cikin cocin da kake zagi, kuma wataƙila ita ta koya masa tsoron Allah tun yana goye. Kalmomin da bakinmu ya saba da su, irin su arne da sunayen tsokana na ƙabila, ka haɗiye su. Yana jin Hausa fiye da yadda kake zato.

Labarin da ya fi dacewa da irin wannan mutum shi ne na Salmanul Farisi, Allah ya ƙara masa yarda. Ɗan Majusawa ne mai kula da wutar bauta a ƙasar Farisa. Ya ji addu'ar Kiristoci ta burge shi, ya gudu Sham, ya yi wa malamansu hidima ɗaya bayan ɗaya, daga Sham zuwa Mausil, zuwa Nasibin, zuwa Ammuriyya. Na ƙarshen ya ba shi alamomin Annabin da ke tafe. A hanya aka yaudare shi aka sayar da shi bawa, har ya ƙare a gonar dabino a Madina. Ko da ya ga Manzon Allah (SAW) bai yi gaggawa ba, sai da ya gwada: ya kawo abinci ya ce sadaka ce, Annabi bai ci ba, ya kawo ya ce kyauta ce, ya ci, sannan ya ga hatimin annabci a bayansa. Abin lura shi ne ba wanda ya ga laifinsa don ya bincika. Ka gaya wa baƙonka wannan, zai gane cewa yawon da ya yi ba abin kunya ba ne a wurinmu. In kuma yana ganin Musulunci addinin Hausawa da Yarbawa ne kawai, ka kai shi titin Martins a tsibirin Legas ya ga masallacin Shitta-Bey. Ranar da aka buɗe shi a 1894, wanda ya wakilci Sarkin Musulmi na Daular Usmaniyya ta Turkiyya Bature ne ɗan Liverpool ta Ingila, Abdullah Quilliam, wanda shi ma musulunta ya yi.

Me za a koya masa kafin shahada

Kaɗan ne, kuma Annabi (SAW) ya riga ya jera shi. Da zai aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman ya gaya masa cewa zai tarar da ma'abota Littafi, ya fara kiransu zuwa shaidawa babu abin bauta wa da gaskiya sai Allah kuma Muhammadu Manzonsa ne. In sun karɓa, ya sanar da su salloli biyar. In sun karɓa, sannan zakka. Wannan jerin shi ne ma'auni. Duk abin da ka gabatar kafin lokacinsa nauyi ne ka ɗora wa wanda bai tsaya da ƙafarsa ba.

Ka tabbatar ya fahimci abu huɗu da harshen da yake mafarki da shi. Allah ɗaya ne, bai haifa ba, ba a haife shi ba, ma'anar Ƙulhuwallahu ke nan. Bauta duk tasa ce: roƙo, yanka, bakance, neman tsari. Muhammadu (SAW) Manzo ne kuma na ƙarshe. Sai matsayin Annabi Isa (AS), wanda shi ne ƙullin da ya fi wuyar kwancewa ga wanda ya tashi a coci. Da yawa suna zaton shiga Musulunci na nufin juya wa Isa baya. Ka buɗe masa Suratu Maryam, sura ta 19, ya karanta fassarar da kansa: haihuwa ba uba, magana cikin zanin goyo, da faɗarsa cewa shi bawan Allah ne. Ita ce surar da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta a gaban Najjashi na Habasha. Bayan haka ka ambata masa rukunan imani shida da na Musulunci biyar a taƙaice, don ya san abin da zai sa hannu a kai.

Batun fassara: kada ka miƙa masa ta Hausa ta Shehu Abubakar Gumi don ita ce a gidanka, alhali Hausarsa ta ciniki ce. Akwai ta Turanci, akwai ta Yarbanci, ana samunsu a shagunan littattafai na kewayen Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, da wajen makarantar Larabci ta Markaz a Agege. In tambayarsa ta fi ƙarfinka, ka ce masa Malam ya fi ka sani, ku je tare. Amsar da aka ƙirƙira don kada a ji kunya ita ce wadda zai gano a intanet da daddare, daga nan ya daina yarda da sauran maganarka.

Abu biyu ake dubawa a nan. Na farko tilas. Baƙara aya ta 256 ta ce babu tilastawa a addini, don haka yaron shago da yake tsoron in bai musulunta ba za a sallame shi, ka fito fili ka gaya masa aikinsa na nan ko ya shiga ko bai shiga ba. Na biyu shekaru. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin sauya addini, amma wanda bai kai 18 ba yana ƙarƙashin iyayensa a idon doka. Ka amsa masa tambayoyinsa, amma kada ka ɗauke shi daga gidansu, kada ka ɓoye shi, kada a yi maganar aure. Irin wannan ne ke komawa ƙarar satar yaro, ya jawo wa unguwa gaba ɗaya fitina. Ban da waɗannan, ba aikinka ba ne tonon zuciya. Ko don aure ya zo, ka karɓe shi ka koyar da shi da gaske. Usama ɗan Zaid ya sha faɗa a kan haka, da ya kashe wani a fagen yaƙi bayan ya furta shahada, yana zaton tsoro ne ya sa shi: Annabi (SAW) ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya gani.

Ranar shahada

In ya ce ya shirya, yanzu ne lokacin. Ba a cewa ya jira Juma'a, ko sai liman ya dawo daga Kano. Ba wanda ya san ko zai kai gobe, musamman mai hawa babur a titin Ikorodu. Musuluncinsa ya inganta ko da ku biyu ne a cikin shago. Shaidu da takarda don amfanin duniya ne, ana iya yinsu daga baya.

Ka fara faɗa masa ma'anar da harshensa, sannan Larabcin gaɓa-gaɓa yana maimaitawa: Ash-hadu, an la ilaha, illallah, wa ash-hadu, anna Muhammadan, rasulullah. Kada ka matsa masa a kan fitar haruffa. Harshen da bai saba da "ha" ta maƙogwaro ba ba zai koye ta a minti ɗaya ba, kuma ma'ana ake nema. Ga wanda ya fito daga Kiristanci, malamai kan so a ƙara masa shaidar cewa Isa bawan Allah ne kuma Manzonsa, kamar yadda ya zo a hadisin Ubada ɗan Samit. Daga nan ka yi masa albishir da abin da aka gaya wa Amru ɗan Asi: Musulunci yana rushe abin da ya gabace shi. Babu ramuwar salla ko azumin shekarun baya. Haila ba ta hana mace yin shahada. Salla ce kawai za ta jira sai ta yi tsarki.

Sai wanka. Annabi (SAW) ya umarci Ƙaisu ɗan Asim ya yi wanka da ruwa da magarya lokacin da ya musulunta. Malamai sun saɓa ko wajibi ne ko mustahabbi, hanyar kuɓuta ita ce a yi. Bokiti ɗaya na ruwa mai tsarki ya isa. Namiji ya kwatanta wa namiji, mace ta kwatanta wa mace, daga waje, da tufafi a jiki: niyya a zuci, wanke hannu, wanke gaba, alwala, zuba ruwa a kai sau uku ana tsettsefe gashi har ya kai fata, sannan ɓangaren dama, sannan hagu, ana cuccuɗawa, ba tare da dogon tsaiko ba. Wuraren da ake mantawa su ne cibiya, hammata, bayan gwiwa da tsakanin yatsun ƙafa. Sabulu in za a sa, a yi shi daban kafin nan, don ruwan wankan ibada ba a gauraya shi da komai.

Hajiyar da za ta koya wa mace ta duba abin da ya zama ruwan dare a Legas: farcen roba da jan farcen kanti suna hana ruwa taɓa farce, sai an cire. Lalle ba ya hanawa. Hular gashi a cire ta. Kitso in ruwa na ratsa shi zuwa fatar kai ba sai an tsefe ba, amma wanda aka ɗaure tamau da zare ko ƙarin gashi har ruwa ba ya shiga, sai an kwance. Tsohon zanen tatu ba ya hana wanka ko alwala, kada a tura kowa ya ƙona fatarsa. Kaciya kuwa, galibin mazan kudu an yi musu tun suna jarirai. In ba a yi ba, a mazhabar Malikiyya sunna ce mai ƙarfi, ba sharaɗin shiga ba ce, kuma ta babba aikin asibiti ce. Kada ma a tayar da zancen a ranar farko.

Yanzu waya. Wannan ita ce ɓarnar zamaninmu. Mutum yana cikin hawaye yana maimaita kalma, mutum goma sun ɗaga waya, kafin magariba bidiyon ya zaga TikTok da Facebook. Uwarsa a ƙauye sai ta gani a wayar maƙwabciya kafin ɗanta ya samu bakin gaya mata. Abin da zai iya zama zaman lallashi ya koma kora daga gida. Kafin a fara, mutum ɗaya ya tashi ya ce, "Jama'a, don Allah a ajiye waya." In shi da kansa yana son a ɗauka, da wayarsa za a ɗauka, ya yaɗa ranar da ya ga dama.

A rubuta masa takardar shaidar musulunta a kan takardar masallaci mai hatimi: cikakken sunansa kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, kwanan wata, sa hannunsa, na liman da na shaidu biyu. Ya riƙe ta asali, masallaci ya ajiye kwafi. Tana amfani wajen ɗaurin aure, wajen shirin Hajji ko Umara in sunansa bai nuna Musulmi ba ne, da ranar da za a yi jayayya a kan gawarsa.

Suna

Ba wajibi ba ne ya sauya suna sai in ma'anarsa ta ƙunshi bautar wanin Allah ko ta yi muni. Salman da Bilal da Suhaib da sunayensu suka zauna. Chukwuemeka ko Oluwaseun godiya ce ga Ubangiji, ba abin da ya same su. Wanda ke ɗauke da sunan abin bauta, irin masu farawa da Ogun ko Ifa ko Sango, shi ne za a ba shawarar ya zaɓi wani, kuma shi zai zaɓa. Sunan uba ba a taɓa shi, Ahzab aya ta 5 ta ce a kira su da ubanninsu. Cire sunan mahaifi a maye shi da na wanda ya musuluntar da shi kuskure ne a shari'a, kuma wuƙa ce a zuciyar dangi.

In ya ƙara suna don a riƙa kiransa da shi a masallaci, ba sai ya taɓa takardunsa ba. In kuwa yana son ya sauya a hukumance, hanyar ita ce takardar rantsuwa a kotu, sanarwa a jarida, sannan gyara a NIN da BVN da sauran takardu. Wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗaya, ranar da sunan banki ya saɓa da na katin ɗan ƙasa zai sha jeka-ka-dawo.

Makon farko: salla kawai

Sallar da lokacinta ya same shi bayan shahada ta hau kansa, don haka a ranar za a fara. Ka ba shi buta, darduma da jadawalin lokutan Legas. Kada ka ba shi kalandar da ka zo da ita daga gida, don rana tana riga faɗuwa a Kano da Maiduguri. A Legas azahar tana shiga tsakanin 12:30 da 1:00 gwargwadon watan da ake ciki, magariba kuma tsakanin wajen 6:25 da 7:05. Alƙibla gabas ce maso arewa, kimanin digiri 63 daga arewa a kamfas ɗin waya. Ka je ɗakinsa da kanka ka nuna masa bangon da zai fuskanta, ka sa alama.

Alwala a aikace ake koyonta, kai da butarka shi da tasa, sau uku ko huɗu. Ka fara da farillai bakwai: niyya, fuska, hannaye zuwa gwiwar hannu, shafar kai, ƙafafu zuwa idon sawu, cuccuɗawa, da yi a jere ba tsaiko. Ka gaya masa abin da ke karya ta da kalmomi na fili, ba kunya. Raka'o'i 17 ne: asuba 2, azahar 4, la'asar 4, magariba 3, lisha 4. Rubuta masa a takarda ya manna a bango.

Fatiha aya bakwai ce, aya ɗaya a rana ta isa. Ka yi masa rikodin a WhatsApp, a hankali, kowace aya sau uku, ya riƙa ji a motar danfo cikin gosulo. Kafin ya haddace, akwai sauƙin da ya zo a hadisi ga wanda bai iya komai na Alƙur'ani ba: ya ce Subhanallah, walhamdu lillah, wa la ilaha illallah, wallahu akbar, wa la haula wa la ƙuwwata illa billah. Mafi sauƙi ma shi ne ya bi jam'i, tunda liman yana ɗauke wa mamu karatu. Ka tsaya kusa da shi a sahu ya riƙa satar kallonka. Bayan Fatiha sai Ƙulhuwallahu, Inna A'aɗaina da Wal Asri, sannan tahiya. Ƙabli da ba'adi sai ya kai wata guda yana salla.

Zai ga wani ya saki hannu wani ya kama, zai tambaya. Amsar jimla ɗaya ce: duka biyun salla ce ingantacciya. A nan ne muke yawan kashe shukar da hannunmu. Mutum bai gama Fatiha ba, wannan ya ja shi gefe ya ce kada ya bi 'yan ɗariƙa, wancan ya ce ya kiyayi 'yan Izala. Wanda ya gudo daga rigimar coci da coci ya tarar da irinta a nan, sai ya ce ashe duk kanwar ja ce. Haka kuma wanda ya zubar da layun babalawo da ruwan addu'ar kwalba, kada a kai shi wurin mai tsibbun da zai ce ya kawo baƙin rago da kuɗin turare. Abin da ya guda ke nan, an sauya masa riga kawai.

Gida, aure da abinci

Ka hana shi yanke zumunta, ko da shi ne zafin sabon shiga ya ɗebe shi. Luƙman aya ta 15 ta ce in iyaye suka matsa a yi shirka kada a bi su, amma a zauna da su da kyautatawa. Asma'u 'yar Abubakar ta tambaya game da mahaifiyarta da ba ta musulunta ba, aka ce ta sada zumunta da ita. In yana aika wa Mama kuɗi duk wata, ya ci gaba, in da hali ya ƙara. Lokacin sanar da su shi ya fi kowa sani. Wanda yake cin abincin gidan kuma ana biya masa makaranta, yana iya yin sallarsa a ɓoye har ya samu madafa. In zai faɗa, ya fara da wanda ya fi sanyin hali a gidan, a keɓe, ba ranar Kirsimeti a gaban taro ba.

Namijin da ya musulunta matarsa Kirista, aurensu na nan, ba sabon ɗauri, Ma'ida aya ta 5. Matar da ta musulunta mijinta bai shiga ba, ba a raba su a ranar a ɗaura mata da wani: ana dakatar da kwanciya, a jira idda, in ya musulunta a cikinta suna nan a kan aurensu. Wannan mas'ala ce ta zama da malami masani, da jin ta bakin matar game da 'ya'ya da wurin zama. A kuma tuna cewa auren rajista, irin wanda ake yi a Ikoyi, kotu ce kaɗai ke warware shi, kuma namijin da ke cikinsa in ya ƙara aure ya taka dokar ƙasa. Budurwar da ta musulunta, liman ko wani dattijo Musulmi ne waliyyinta, sadakinta nata ne cikakke. A yi hattara da masu rububin "taimaka mata da aure" a makon farko. A bar ta ta san addininta, a binciki mai nema kamar yadda za a bincika wa 'yar cikin gida.

Abinci: alade da giya da abin da aka yanka wa gunki, su ne iyaka. Shinkafar uwarsa halal ce. Giya haram ce tun ranar farko, har da bammin da ya yi tsami da ogogoro, amma in ya zame ya sha bai fita Musulunci ba, kuma kada ya bar salla saboda kunya. Wanda ya yi shekaru yana sha kullum, yankewa farat ɗaya kan kawo karkarwa har da farfaɗiya, a haɗa shi da likita. Mai aiki a mashaya a taya shi neman wani aikin, kada a ce ya ajiye yau alhali kuɗin haya na jiransa.

Bayan wata uku

Ranar Juma'ar farko kowa na rungumarsa, ana cusa masa kuɗi a aljihu. Bayan wata uku yana zaune shi kaɗai a ƙarshen sahu, ana hira da Hausa ana dariya, ba ya jin rabin abin da ake faɗa. A cocin da ya bari kuwa, in bai zo ran Lahadi ba, kafin Talata an buga masa waya. Mafi yawan waɗanda suka koma ba hujja ce ta mayar da su ba, kaɗaici ne.

Maganin yana cikin abin da aka yi a Madina, inda aka ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin mutum da mutum. Salman ɗin nan da Abud Darda'i aka haɗa shi. A masallacinku a ambaci mutum ɗaya da suna, ba kwamiti ba, wanda sabon ɗan'uwa ke wuyansa na shekara guda: kira sau biyu a mako, zaman karatu na rabin awa sau ɗaya, cin abinci a gidansa ko da sau ɗaya a wata. Mace a ba ta mace. In huɗubar masallacinku da Hausa ake fassara ta kuma ba ya ji, ku raka shi inda ake yi da Turanci ko Yarbanci. Ƙungiyar Ansar-Ud-Deen tun 1923 take a garin nan, NASFAT tun 1995, ɗalibi kuma akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN a makarantarsa. Ba asara ba ce in ya fi sakewa a can.

Taimakon kuɗi yana da gurbi a zakka, Tauba aya ta 60 ta ambaci waɗanda ake lallashin zukatansu. Amma a ba shi a asirce, kuma jari ko aiki ya fi a tsayar da shi gaban jama'a ana zagayawa da hula. A daina kiransa tubabbe bayan shekara biyar yana salla.

Azuminsa na farko a fara shirinsa tun Sha'aban da gwajin Litinin ko Alhamis. A tashe shi sahur da waya, a tanadar masa wurin buɗa baki kullum, a tambaye shi ko yana da gyambon ciki ko ciwon suga don ya ga likita tun da wuri. Ranar Salla kuma yawancinmu mun hau mota mun tafi gida, Agege da Idi-Araba sun yi shiru. Kafin ka sayi tikiti, ka san gidan da zai ci tuwon Salla da wanda zai raka shi Idi.

Abu na ƙarshe da ake jin nauyin faɗa shi ne wasiyya. Tunda danginsa ba Musulmi ba ne, ranar da ya rasu su ne za su karɓi gawa, kuma al'adar wurare da yawa a kudu ita ce a ajiye ta a firijin asibiti makonni kafin biki. Ya rubuta cewa yana so a yi masa wanka da sutura da salla irin na Musulunci, a binne shi ba jinkiri, ya sa hannu gaban shaidu biyu, zai fi kyau da lauya. Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati irin ta Kano, takardar ce za ta yi magana. A ciki yana iya yi wa iyayensa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, tunda gado ba ya gudana tsakaninsu. Kwafi ɗaya wurin liman, ɗaya wurin ɗan'uwansa na jini da ya fi yarda da shi, kuma lambar wayar liman ta kasance a rubuce a jikin takardar.